Ƙarƙashin Kujera, Ɗakin Kaya ko Kago: Ta Ina Kyanwarka ko Karenka Zai Bi Ka Zuwa Ƙasar da Za Ka Koma?

Biza ta fito, an tsayar da ranar tafiya, an fara rabon kayan ɗaki: wannan na sayarwa, wannan na bayarwa, wannan zai shiga akwati. Can sai ido ya faɗa kan kyanwar da ta naɗe a cikin akwatin da aka bari a buɗe, ko karen da ya kasa zama wuri ɗaya tun da ya ga ana ɗaure kaya. A lokacin ne yawancin mutane ke fara tambayar yadda za a yi da su, kuma sau da yawa a lokacin an riga an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai ƙasashen da takardun kyanwa ke cin wata bakwai kafin a yarda ta shiga, alhali mai ita ya daɗe da gama nasa.

Hanyoyin da dabba ke bi a jirgin sama uku ne. Ko dai ta shiga ɗakin fasinja tare da kai, a cikin 'yar jaka da za a tura ƙarƙashin kujerar da ke gabanka. Ko ta bi jirgin da kake ciki amma a ƙasa, a ɗakin kaya, an rubuta ta a tikitinka a matsayin ƙarin kaya. Ko kuma ta tafi a matsayin kago, da takardar dako ta kanta, ko kana cikin jirgin ko ba ka ciki. Duk wanda ya shaƙu da dabbarsa, da jin haka zai ce ta farko yake so, kuma ban ga laifinsa ba. Wa zai so a ɗauke abin da ya rena tun yana ƙarami a kai shi cikin duhu na awa 12? Amma a ganina zuciyar mai dabba ita ce ta ƙarshe da ya kamata a tambaya. Kafin ita akwai dokar ƙasar da za a, akwai jikin dabbar, akwai hanyar da jirgin zai bi. In waɗannan ukun suka gama magana, zaɓin da ya rage ba shi da yawa.

Ƙasar da za ka ita ke fara yanke hukunci

Wasu ƙasashen sun ɗauke maka wahalar zaɓi gaba ɗaya. Kare ko kyanwar da za ta sauka Birtaniya a jirgin fasinja, dole ta zo a matsayin kago, in ban da karnukan da aka horar don taimaka wa masu buƙata ta musamman, kamar masu yi wa makafi jagora. Ko nauyin kyanwarka kilo 3 ne, ba za ta zauna kusa da ƙafarka ta sauka Landan ba. Haka dokar take a Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, haka kuma ga wadda za ta sauka Dubai. Shi ya sa wasu masu komawa Birtaniya ke sauka Faris da dabbarsu a ɗakin fasinja, su ɗauki mota zuwa Calais, su tsallaka ta ramin jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin teku zuwa Folkestone, tafiyar kusan minti 35, dabbar na cikin mota tare da su. Hanya ce halattacciya, sai dai fa sai an cika sharuɗɗan ɓangarori biyu, na Tarayyar Turai da na Birtaniya.

Abin da ke cin lokaci kuwa shi ne ciwon haukan kare. Kusan duk tsaurin da ƙasashe ke yi a kan dabbobin gida, tsoron wannan ciwon ne. Tsarin yana da jeri, kuma in an juya jerin an koma farko. Da fari likitan dabbobi zai sa wa dabbar maikurocif, wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar shaida mai alƙaluma 15. Bayan nan ne ake yin allurar riga-kafi. Allurar da aka yi kafin a sa na'urar, a idon Tarayyar Turai da Birtaniya kamar ba a yi ba ne, domin babu shaidar cewa wannan dabbar ce aka yi wa. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: littafin riga-kafin cike yake da hatimi na shekaru, amma na'urar bara aka sa, kuma ba a sake allura bayanta ba.

Idan ƙasar da za ka baro tana cikin waɗanda Tarayyar Turai ba ta amince sun shawo kan ciwon ba, to sai an ƙara da gwajin jini. Ana jiran aƙalla kwana 30 bayan allurar, a ɗebi jini, a aika ɗakin gwaje-gwajen da suka amince da shi, sakamako ya nuna garkuwa ta kai 0.5 a ma'auninsu, sannan a ƙirga wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Tun da ba a yin allurar sai dabba ta kai mako 12, ka ga ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa daga irin waɗannan ƙasashe ba za su shiga ba sai sun kusa wata 7. Japan ta fi haka tsanani: allura biyu, gwajin jini, jiran kwana 180, da sanar da hukumar killace dabbobi aƙalla kwana 40 kafin isowa. Wanda ya cika waɗannan, cikin awa 12 za a sallami dabbarsa a filin jirgi. Wanda ya tsallake ɗaya, za a iya tsare ta har kwana 180, kuma shi zai biya kuɗin tsarewar. Ostareliya kuma daga ƙasashen da ta lissafa kaɗai take karɓa. In taka ba ta ciki, sai dabbar ta fara zama kwana 180 a wata ƙasar da aka amince da ita, sannan ta sauka Melbourne, ta yi aƙalla kwana 10 a gidan killacewa na Mickleham.

Amurka ta sauya dokarta ta karnuka tun ranar 1 ga Agusta, 2024. Yanzu kowane kare sai ya kai wata 6, da maikurocif a jikinsa, da fom ɗin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, da ake cikewa ta intanet. Karen da aka yi wa allura a waje, kuma ya fito daga ƙasar da ciwon ya yi yawa, ba kowane filin jirgi zai sauka ba, sai wanda ke da wurin kula da dabbobi mai rajista da hukumar, kuma in babu sakamakon gwajin jini karɓaɓɓe za a killace shi kwana 28. Kyanwa dokarta ta fi sauƙi a can.

Bayan watanni na jira kuma sai komai ya matse a makon ƙarshe. Takardar lafiya ta shiga Tarayyar Turai kwana 10 kacal take aiki daga ranar da likitan gwamnati ya sa hannu zuwa ranar da za a duba ta a bakin shiga. Karen da zai shiga Birtaniya ko Ailan ko Finlan ko Malta ko Norway, sai likita ya ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin isowa, ya kuma rubuta rana da lokaci. In aka ɗage jirgi da kwana biyu, wannan lissafin zai iya rushewa. Saboda haka kalandar dabbar ake fara zanawa, a sayi tikiti daga baya.

Ɗakin fasinja

In ƙasar ta yarda, kuma dabbar ƙarama ce, wannan hanyar tana da abin da babu wadda ke da shi: idonka na kanta daga farko har ƙarshe. Kana jin numfashinta, kana iya zura yatsa ta ragar jakar ta sansana. Ba ta zama a kan kwalta tana jiran a ɗora ta, ba ta bin wani jirgin bisa kuskure. Ita ce kuma mafi sauƙin kuɗi, domin ƙayyadadden abu ake biya a kowane zango.

Sharaɗinta nauyi ne. Kamfanoni irin su Lufthansa da Air France da KLM da Turkish Airlines sun tsaya a kilo 8, dabba haɗe da jakarta. Jakar Lufthansa ba za ta wuce santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 23 a tsayi ba. Ka ɗauko abin awo ka ga yadda santimita 23 take. Bai kai tsawon takardar rubutu ba. A cikin wannan ne dabbar za ta kwana, ba a yarda a fito da ita ko na minti ɗaya ba har a sauka. Ga kyanwa wannan ba wani abu ba ne, ita da ma in ta tsorata lungu take nema. Ga kare mai kilo 7 da dogayen ƙafafu kuwa, awa 11 a naɗe wahala ce ta gaske, kuma zai fi samun sarari a keji a ƙasa. Akwai kuma iyakar yawan dabbobin da ake ɗauka a kowane jirgi, don haka da an sayi tikiti sai a kira a kama mata wuri. Wasu kamfanonin ba sa yarda ko kaɗan. Emirates, alal misali, ba ta ɗaukar kyanwa ko kare na gida a ɗakin fasinja. Dabarar nan ta kawo takardar likita a ce dabbar ta kwantar da hankalin mai ita ce, don ta shiga kyauta, ta daina aiki a Amurka tun farkon 2021.

Wurin da nake so a fi lura shi ne wajen binciken tsaro. Jakar za ta bi ta cikin na'urar haska kaya, dabbar kuwa sai an fito da ita an rungume. Ka duba yanayin: ƙarar faifan kaya, mutane a baya suna matsowa, kai kana cire agogo da bel, ga kyanwa a ƙirjinka zuciyarta na bugawa kamar za ta fito, farcenta sun nutse a kafaɗarka. In ta suɓuce a nan, samunta sai an sha wuya. Ka sa mata ɗamarar ƙirji da igiya tun daga gida, ka kuma roƙi jami'an su ba ka ɗaki mai ƙofa a yi binciken a ciki. Filayen jirgi da yawa suna yarda in an nema.

Ɗakin kaya, a jirgi ɗaya da kai

Mutane na jin "ɗakin kaya" sai su hango wuri mai ƙanƙara babu iska. A manyan jiragen da ke doguwar tafiya ba haka abin yake ba. Ɓangaren da ake ajiye dabbobi yana da matsin iska irin na ɗakin fasinja, kuma ana ɗumama shi. Ana rubuta wa matuƙi a takarda cewa akwai mai rai a ƙasa, don ya daidaita zafin wurin. Duhu ne, ƙarar injin kuma ɗaya ce ba ta sauyawa, ba masu wucewa da keken abinci, ba yara masu leƙe. Karnuka da yawa kwanciya kawai suke yi.

Wannan hanyar ita ce tsaka-tsaki. Kai za ka kai kejin wajen awon kaya, kai za ka karɓe shi a wajen manyan kaya in an sauka, ku bi ta kwastan tare. Lokacin rabuwarku bai fi tsawon tafiyar da 'yan awoyi ba. Kuɗin ya fi na ɗakin fasinja amma yawanci ya gaza na kago nesa ba kusa ba. Ga babban kare mai lafiya, zuwa ƙasar da ta yarda, a jirgin da ba ya ya da zango, ni wannan zan ɗauka.

Rauninta yana bayyana ne da zarar an ce za a sauya jirgi. Tun da a matsayin kaya aka rubuta shi, kejin kan bi sawun akwatuna, kuma ba lalle a sami wanda aikinsa ne ya leƙa ya ga ko ruwa ya ƙare ba. In kamfanoni biyu ne a tikiti ɗaya, na biyun zai iya ƙin karɓa, domin kowa da dokarsa. Hanyar ma tana ƙara ƙuncewa: Delta ta daina ɗaukar dabbobin fasinja a matsayin kaya tun 2016, in ban da na sojoji da makamantansu, wasu manyan kamfanonin Amurka kuma sun bi irin wannan sawun.

Kago

Sunan ne ke tsorata mutane. Sau da yawa dabbar kago tana kwance ne a ɗakin nan dai na ƙasan jirgin fasinja, gefen wadda aka kawo a matsayin kaya. Bambancin a takarda yake da kuma hannun da ke riƙe da ita a ƙasa. Tana da lambar dako da za ka iya bibiya, ma'aikatan da suka saba da dabbobi ne ke karɓarta, kuma dokokin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, kan ɗaukar masu rai ake bi ɗaya bayan ɗaya. In za a ya da zango, a nan ne kago ke nuna fifikonsa. Filin jirgin Frankfurt yana da babban masaukin dabbobi na Lufthansa da aka buɗe a 2008, Amsterdam na da na KLM, inda ake duba dabba, a ba ta ruwa, a share kejin in zaman ya yi tsawo. Wadda ta sauka Heathrow a Landan kuwa motar cibiyar karɓar dabbobi ta filin ce ke ɗaukarta, a can ake karanta na'urarta a duba takardu. Saboda haka in tafiyar ba ta yiwuwa sai da sauya jirgi, gara kago ta irin waɗannan filaye a kan ƙarin kaya ta filin da ba shi da komai.

Wata fa'idar ita ce ba dole ku tashi rana ɗaya ba. Za ka iya riga ta, ka sami gida, sannan a turo ta. Amma a yi hattara: a Tarayyar Turai da Birtaniya, in tazarar tafiyarku ta wuce kwana 5, ko dabbobin sun wuce 5, an bar dokar dabbar gida an koma ta fatauci, da wasu takardun daban.

Tsada ce babban aibunsa, kuma yana da kyau a san dalilinta don kada a ɗauka cuta ce. A kago, sararin da kejin ya ci ake sayar maka. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Keji mai 100 da 70 da 75 zai ba da 525,000, in an raba ya zama kilo 87.5. Karenka kilo 30 ne, amma kuɗin kusan kilo 88 za ka biya. A kan wannan akwai kuɗin masu karɓa a can, na duba takardu, na kwastan. Lokacin rabuwa ma ya fi tsawo, domin ana miƙa dabbar awoyi kafin tashi, a can kuma sai an gama bincike kafin a ba ka, a ginin kago da ke nesa da inda fasinja ke fitowa.

Inda haɗarin yake da gaske

Mai dabba kan sa duk tsoronsa a kan awoyin da jirgi ke sama, alhali mafi wuyar lokaci shi ne na ƙasa: tsakanin gini da jirgi, a kan kwalta, cikin rana ko sanyi, da rurin injina. Shi ya sa kamfanoni da yawa a Amurka ba sa ɗaukar dabba a ƙasa in zafi ya wuce digiri 29 ko sanyi ya yi ƙasa da 7 a kowane filin da za a taɓa. Jirgin dare ko na asuba a lokacin zafi, jirgin rana a lokacin sanyi, kuma jirgi ɗaya kai tsaye in akwai, ko da ya fi tsada. Da a ce abu ɗaya za a bar ni in zaɓa a duk wannan lissafin, tafiya ba zango zan zaɓa, domin kowane zango ƙarin saukewa ne da ɗorawa.

Sai hanci. Karnuka masu gajeren hanci irin su buldog da fog, da kyanwoyin Farisa masu shafaffiyar fuska, hanyar numfashinsu a matse take tun halitta. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, wanda kuwa iskar ba ta wuce masa da sauƙi, in tsoro da zafi suka haɗu masa sai abin ya fi ƙarfinsa. A 2010 ma'aikatar sufuri ta Amurka ta fitar da alƙaluman shekara biyar: cikin karnuka 122 da suka mutu a jiragen ƙasar, kusan rabi masu gajeren hanci ne. Lufthansa ta daina karɓar irinsu a matsayin kayan fasinja tun farkon 2020. In taka dabbar irin wannan ce kuma ƙarama, ɗakin fasinja. In ta yi girma, a zauna da likita a yi magana ta gaskiya kafin a ci gaba. Tsakanin Southampton ta Birtaniya da New York akwai jirgin ruwan Queen Mary 2 mai ɗakunan dabbobi, tafiyar kusan mako guda, sai dai wuraren kaɗan ne kuma suna cika tun da wuri.

Abu na uku ina roƙo a ji shi da kyau, domin tausayi ne ke jawo shi: kada a ba dabba maganin barci. Mai ita na ganin taimako ne, ta yi barci har a isa. Amma maganin na sauke hawan jini, yana rage ƙarfin numfashi, yana hana jiki daidaita zafinsa, a wurin da iskar ta riga ta yi ƙasa da ta doron ƙasa. Dabbar da aka bugar ba ta iya tokare ƙafa in kejin ya karkata, kuma a ƙasan jirgi ba mai ganinta. IATA da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka duk sun yi gargaɗi a kai, kamfanoni da dama kuma suna mayar da dabbar da suka ga tana layi. Akwai magungunan rage tsoro da ba sa bugarwa. Wannan hurumin likita ne, kuma a gida ake fara gwadawa, makonni kafin tafiya.

Abin da ke maye gurbin maganin shi ne sabo da keji. Tsayar da karen a jikin bango ka auna. Daga ƙarshen hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara rabin tsayin ƙafar gaba daga ƙasa zuwa gwiwa, shi ne tsawon kejin. Faɗin kafaɗu sau biyu, shi ne faɗinsa. Tsayi kuma daga ƙasa zuwa ƙololuwar kai ko kunne, wanda ya fi tsawo, da ɗan rara saboda shimfiɗa. Ya iya tsayuwa kunnensa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta a miƙe. Keji mai tauri, ƙofar ƙarfe, ƙusoshi masu noti, kafofin iska ta kowane ɓangare, a cire tayoyi. Ka saye shi wata biyu kafin tafiya, ka cire ƙofar, ka ajiye shi inda kuke zama. Ranar farko zai zagaya shi yana sansana, ba zai shiga ba. Ka sa kwanon abincinsa a bakin ƙofa, gobe ka ɗan tura ciki, jibi ka ƙara. Ranar da ka shigo ka tarar ya shige da kansa ya kwanta, kansa a kan ƙafafunsa, rabin aikin tafiyar ya ƙare. Ranar tashi a ba shi abinci kaɗan awoyi kafin a fita, a shimfiɗa abin da ke shan ruwa, a jefa tsohuwar rigarka da ba a wanke ba. Ruwan kwanon da ke maƙale a ƙofa a daskarar da shi tun dare, don kada ya zube wajen ɗorawa, ya riƙa narkewa a hankali. Abin wuya da igiya a ɗaure su a waje, kada su maƙale shi a ciki.

Maganar ejan, wato dillalin da ke shirya wa dabba tafiya, gajera ce. In ɗakin fasinja ne ko ƙarin kaya, zuwa ƙasa mai sauƙin doka, mutum mai natsuwa zai iya da kansa, ya karanta shafin hukumar ƙasar da za shi, ya sake karantawa ana saura wata guda domin dokoki na sauyawa. In kago ne, ko Ostareliya, ko Japan, a nemi ejan, da ma wasu kamfanonin jirage ba sa karɓar dabbar kago sai ta hannunsu. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, IPATA, tana nan tun 1979, kuma tana da jerin mambobinta a intanet. A duba sunan a can da kanka, domin 'yan damfara na ɗora tambarinta a shafukansu. Wanda ya ce zai sama maka hanyar tsallake watannin jiran gwajin jini, ka rabu da shi. In aka gano a bakin shiga, dabbar ce za a tsare ko a mayar.

Mai aku kuma lissafinsa daban ne. Tun taron 2016 a Johannesburg na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, aka sa aku mai toka da jar wutsiya a rukunin farko na halittun da ake karewa. Fita da shi na buƙatar izini na musamman da shaidar cewa ta halal aka same shi, ga kuma killacewa saboda murar tsuntsaye, wadda a Amurka kwana 30 ce. Wanda ba shi da takardar asalin tsuntsunsa ya fara da wannan kafin komai.

Akwai hanya ta huɗu da ba a son faɗa, kuma zan faɗe ta domin wani lokaci ita ce daidai. Kare mai shekara 13 da ciwon zuciya, kyanwar da ƙodarta ta fara gazawa, dabbar da ko tafiyar minti 10 a mota ke sa ta haki da dalala: ga irin waɗannan, awa 20 daga ƙofa zuwa ƙofa da kwanaki a gidan killacewa cikin baƙin fuskoki na iya fin abin da jikinsu zai ɗauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kai ta wurin likita a yi gwajin jini, a saurari zuciya, a tambaye shi kai tsaye: da taka ce, za ka ɗora ta a jirgi? In ya ce a'a, to lokacin da za a ɓata wajen neman takardu a ɓata shi wajen neman mutumin da dabbar ta sani kuma ta yarda da shi. A fara kai ta can yini guda, sannan kwana guda, sannan mako, da kwanonta da shimfiɗarta da littafin riga-kafinta, tun kana nan kana iya zuwa ka duba yadda take ci da yadda take barci.